Sha Takwas ɗin Inna

Dantchiao, 3 ga Yuni

Yaya Abdulƙadir,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Aziza da yara. Yaya aikin koyarwa a lakwal? Ina fata 'yan ajinka sun bar ka da sauran murya. Mu nan lafiya lau, an yi ruwa sau biyu, mun yi shuka. Tunda ƙauyen da aka jefa ka ba rezon waya, zan ba direban Gure wannan takarda.

Albishirinka! Ka tuna lokacin da Inna ta ƙetara Nijeriya bikin suna, gidan Kawu Kyari a Ɓaɓura, jiri ya ɗebe ta? A asibitin can suka auna ta, suka ce jininta ya hau ɗari da tamanin, suka ɗora ta kan ƙwaya kullum safe. Ka san halin Inna, yau ta sha, gobe ta ce ta manta, wai ƙwayar tana sa ta zirga-zirgar bayan gida. Ni kuwa na dage da ba ta jiƙon zoɓo da tafarnuwa.

To ran kasuwa na kai ta wurin majo, malamin asibitinmu na nan. Ya ɗaura mata abin awo, ya rubuta a karne, ɗan littafinta na asibiti, na leƙa da idona: 18. Sha takwas, Yaya, daga ɗari da tamanin! Saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Shi dai ya ɓata fuska, ya rubuta magani, ya ce mu dawo bayan kwana uku. Amma ai ko lafiyayye ya shiga wurin majo sai ya fito da takarda. Layi ya yi tsawo, ban tsaya tambaya ba. Na ce wa Inna ta warke, ta jefa ƙwayar cikin kwalla. Kai ne mai boko, ni ce likita.

Ka gai da Aziza. Taka ƙanwa,
Zulai

Magaria, 21 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ka, ina fata kuna lafiya. Mu kam sai godiyar Allah.

Takardata ta yi mako biyu a aljihun direba. Lokacin da ka karanta, ka hau tudu neman rezo ka kira ni hankali tashe, mun riga mun kwana biyu a asibiti. Na kasa yi maka bayani saboda kuka, shi ya sa na rubuto.

Ran Talata da hantsi Inna tana dama fura, ludayi ya suɓuce mata. Ta kira sunana, ya fito a karkace. Na duba, bakinta ya ja gefe, hannun dama ya saki. Mijina Ali ya nemo mota nan take. Likita ya ce saurin kawo ta ya taimaka.

Shi ne ya zaunar da ni, ya ɗauki karnen da takardar Ɓaɓura ya jera su. Ya sa sifiri a bayan sha takwas ɗin. Ashe abu ɗaya ne. Can suna cewa ɗari da tamanin, mu nan tansiyo sha takwas muke cewa. Jinin bai sauka ko kaɗan ba. Na san kuɗinsu ba namu ba ne, amma ban taɓa zaton awon jini ma yana da naira da sefa ba. Ya ƙara da cewa ko da ya sauka, ƙwayar ce ta saukar da shi, ba a barinta.

Yaya, ni na yi. Ba majo ba, ba zoɓo ba. Majo ya ce mu dawo, na ƙi. Kunya da baƙin ciki sun ishe ni, amma ba zan zauna ina kuka ba. Likita ya ce wanda abin ya taɓa sau ɗaya, yana iya dawo masa, kuma na biyun ba ya zuwa da wasa. Wannan na biyun nake tsaye in tare.

Ka sa mu a addu'a.
Zulai

Dantchiao, 9 ga Oktoba

Yaya Abdulƙadir,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, yaya ƙoƙari? An fara yankan gero, bana ba laifi.

Na ga saƙonka cewa a kawo maka Inna can, Aziza ta kula da ita. Na gode, Allah ya saka, amma a'a. Daga ƙauyenku zuwa wurin awo tafiyar yini ce, mu nan ko a ƙafa mun isa. Kuma da bakina na raba ta da ƙwayar nan, da hannuna zan riƙa ba ta. Ali ya share mata ɗakin da ke kusa da nawa.

Kullum bayan sallar asuba ina tsaye a kanta har sai ta haɗiye, in ce ta buɗe baki in gani. Tana hararata, tana cewa na zama jandarma. Na rage gishiri da kanwa a tukunyar gidan gaba ɗaya, Ali yana cin miya yana kallon sama. Duk ran kasuwa muna gaban majo. Yanzu har tsoron tambayata yake, don ba na tashi sai ya faɗa mini lambar, ya faɗa mini ma'anarta. Makon jiya sha huɗu. Na kuma bi gida gida wurin matan da na yi wa albishirin zoɓo, na janye maganata. Hinda maƙwabciyarmu ashe ita ma ta ajiye tata ƙwayar saboda ni. Na ja ta har wurin awo.

Ba zan ɓoye maka ba, maganar Inna ta dawo, amma likita bai yi alkawarin hannun zai koma yadda yake ba. Safe da yamma ina murza mata shi da man gyaɗa, ina lanƙwasa yatsun ɗaya ɗaya kamar yadda aka nuna mini. Ba ta taɓa ce mini ni na jawo ba, ni kuma na kasa neman gafararta.

Jiya ina durƙushe ina murzawa, sai ta zare hannun daga nawa. Yana rawa, ta ɗaga shi da kanta, a hankali, har ta ɗora mini a ka. Ta daɗe ba ta sauke ba. Ban sani ba ko gwada ƙarfinsa take ko albarka take sa mini, ban kuma tambaya ba. Na dai sunkuyar da kai na ce amin.

A gai da Aziza da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Zulai