Abin da ke manne a maɗaciyata

Litinin, 6 ga Mayu
Ciwon gefen dama ya dawo. Verna 'yata ta ja ni asibiti. Likita ya ce akwai wani abu a maɗaciyata, ko tsakuwa, ko tsiro, ko mugun nan da ba na son rubuta sunansa. Za a leƙa da na'urar sauti, 'yar'uwar wadda Verna ta ɗaura a jirginta don neman kifi. Ban taɓa yarda da na'urar jirgin nan ba. Makwantan kifin gaɓar nan duk suna kaina, daga bakin kakana: ka daidaita tsinin hasumiyar coci da tsagin dutse, ka saki ƙugiya. Ba a rubuta su. Ban kuma faɗa wa kowa ba, har Verna.

Alhamis, 9 ga Mayu
An koro ni. Wai an ce kada in ci komai kafin awon, to ai ban ci ba! Shayi da madarar gwangwani da ƙullun burodi soyayye a kitsen alade, wannan a garinmu ɗumama ciki ne kafin a fita teku. Noreen mai na'urar ta ce, "Kawu Hedley, maɗaciyarka ta tsuke kamar aljihun marowaci, me zan gani?" Verna ta mayar da ni gida a mota. A bakin ƙofa ta ce: "Baba, kafiyarka za ta kai ka kabari, da alamun kifinka duka."

Asabar, 11 ga Mayu
Na nemi alamar Tudun Bazawara, ɗaya daga makwantan kifin, a kaina. Sai da na daɗe kafin na tuno ta.

Laraba, 15 ga Mayu
Na koma asibiti ciki wayam. Noreen ta shafa mini wani mai mai sanyi ƙarƙashin haƙarƙari. "Riƙe numfashi. Juya hagu." Ta ce tsakuwa mirginawa take in mutum ya juya, tsiro kuwa yana nan manne. Na ce, "Nawa fa, 'yar nan?"
"Likita zai gaya maka, Kawu."
Bai motsa ba ke nan. Na san irin shirun nan, teku na yin sa.

Juma'a, 17 ga Mayu
Tsiro ne, ƙarami. Likita ya nuna mini a allo: gefensa sumul, bangon bai yi kauri ba, bai kuma ci cikin hanta ba. Ya ce alamun mugun ba haka suke ba, amma in dawo bayan wata shida a auna ko ya girma. Ashe su ma daidaita alamu suke. Verna ta fita waje wai neman ruwan sha, ta dawo ido jajur.

Lahadi, 19 ga Mayu
Na bi Verna teku bayan coci, shan iska kawai. Da muka wuce tsibiri bakina ya suɓuce: "Sa tsinin cocin a tsagin nan. Tsaya." Allonta ya cika da kifi. Ta kai hannu za ta kashe na'urar don kada in yi faɗa, na ce ta bar ta.
Alama ɗaya ce kawai na ba ta. An ce gobe ma babu iska, za mu iya sake fita.