Baƙon Katako

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar taka? Mu nan da sauƙi, sai kewa.

Yaya, ranar Talata na gane abin da ya kashe maigidana. Ina zuba wa Auta ruwa zai wanke hannu, ya naɗe hannun riga, sai na ga jajayen ƙuraje daga wuyan hannunsa har gwiwa. Ya yi tari, ƙirjinsa ya yi wani siririn fito. Butar ta suɓuce mini. Irin na babansa ne sak, waɗanda na yi wata da watanni ina shafa wa mai ina cewa zafi ne.

Na tambaye shi me ya taɓa. Ya ce ya buɗe shagon babansa, ya kunna injin sassaƙa, yana son ya ƙarasa akushin da marigayi ya bari a kai. Akushin na katakon nan ne mai duhu da ka kawo masa, wanda ka ce gindin akwatin wani inji ne da aka sauke a ma'aikatarku.

Don Allah kada ka karanta wannan ka ce ina ɗora maka. Ina nan ranar da ka kawo shi, na ga murnarsa. Ya ce shekara talatin yana neman katakon da zai yi masa gardama, sai ga surukinsa da bai san kanya da maɗaci ba ya kawo masa har gida. Baƙo yake ce masa, don bai san sunansa ba. Ya jefa guntu a bokiti ya kira ni in ga yadda ya nutse kamar dutse. In an yanka cikinsa ja ne, in ya sha iska sai ya koma kamar hanta. Yana da maiƙo, yana sheƙi ko ba a shafa masa komai ba. Ƙamshinsa da fari kamar turare, daga baya ya hau hanci kamar barkono. Da garinsa yake dawowa gida a gashi da gemu, ni kuma in kakkaɓe rigar in wanke.

Na kai Auta asibiti. Likita ta ce akwai itatuwan waje da ƙurarsu ke kama wasu mutane, ba kowa ba, kuma duk sake taɓawa abin ƙaruwa yake. Ta ce ba za ta rantse shi ya tsayar da numfashin babansa ba, amma in samo mata sunan itacen.

To ka taimake ni. Daga wace ƙasa injin ya zo? Akwai rubutu a jikin akwatin? Duk abin da ka tuna ka rubuto, ko kana ganin ba shi da amfani.

Ka gaida matarka da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Uwar Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa na ji shiru. Na kira wayarka ba ka ɗauka ba, matarka ta ce kana ciki ba ka jin daɗi. Na san ka, Yaya. Ba ƙafa ba ce.

Ni dai ban zauna ba. Na naɗe guntun katakon a leda biyu na sa a jaka, na zaga layin masu katako. Na farko ya ce maɗaci ne da ya tsufa. Maƙwabcinsa ya ce in wannan maɗaci ne to shi ma likita ne. Wani ya kankare shi da wuƙa ya lasa kafin in hana shi, ya ce ƙirya ce, sannan ya nemi ruwa. Sai suka tura ni wurin tsohon kafintan nan da ke bayan masu walda, abokin marigayi. Ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shinshina, ya yi atishawa har hularsa ta karkace. Ya ce, "Hajiya, wannan ba ɗan ƙasa ba ne, fasfonsa za ki nema." Na yi dariya, rabona da ita tun rasuwar. Da na gaya masa dalilin zuwana sai ya ajiye guntun a hankali ya goge hannunsa a riga.

Damuwata Auta ne. Ƙurajen sun lafa da magani, shi ke nan ya ce ya warke. Ya ce mini, "Umma, katako ne fa, ba maciji ba." Ya ce babansa ya gama bayan akushin, ciki kawai ya rage a rarake, kuma ba zai bar aikin ƙarshe na ubansa rabi ba. Zai ɗaura takunkumi, wai. Na ce babanka ma ƙyalle yake ɗaurawa. Na cire bel ɗin injin na ɓoye a ƙarƙashin katifa, washegari ya sayo wani. Mutum mai mata, da ciki a jikinta, ba zan kama shi in ɗaure ba. Abin da na samu kawai shi ne ya yi mini alkawarin zai jira har a san sunan. Ya ce in an tabbatar itacen na da guba zai haƙura, in kuwa zato ne zai ci gaba.

Ka ga ke nan sunan nan ba na son sani ba ne kawai. Kullum in na ji ƙarar inji daga layin sai in fita in duba ko Auta ne.

Ka amsa mini ko layi biyu ne. Ba ni da wani wa sai kai.

Ƙanwarka,
Uwar Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, na gode, Allah ya saka. Ina fatan ka fara cin abinci. Maganar yafiya da ka cika shafi da ita, babu abin yafewa. Kyauta ka yi wa mutumin da kake so.

Tunda ka ce an ƙone sauran akwatin kuma ba ka tuna rubutun ba, likita ta haɗa ni da wani malami a makarantar koyon aikin gandun daji. Mutumin kirki. Ya goge bakin guntun da samfefa, ya duba da gilashin ƙara girma, ya nuna mini ƙananan ramuka kamar na allura. Ya jiƙa garin a kwalba, ruwan ya rine. Ya ce ya gane danginsa, itatuwan ƙetaren teku ne, kuma an san da yawansu suna kama fata da ƙirji. Amma dangin suna da yawa, ba zai ce wannan ne ba sai ya ga ganye ko fure. Ya rubuta mini sunan dangin, ya fi guntun tsawo, na kasa karantawa.

Auta ya ce ai wannan ba suna ba ne, zato ne mai gilashi. Sai likita ta ce to a tambayi jikinsa. Ta ɗan sa garin a bayansa ta rufe da filasta, ta sa na wasu katakai a gefe. Da aka buɗe, sauran wuraren lafiya lau, wurin Baƙo ya kumbura ya yi ruwa. Matarsa ce ta ɗauki hoton da waya ta miƙa masa, hannunta ɗaya a kan cikinta. Ya daɗe yana kallo.

Da muka dawo ya sa safar hannu ya kwance akushin daga injin da kansa. Ya yi kuka, na bar shi ya yi. Mun yayyafa ruwa mun share shagon, mun wanke har bango. Yanzu ƙafafun kujera yake yi da katakon da ya sani, numfashinsa ƙalau.

Sai dai abu ɗaya a takardarka ya hana ni sukuni. Ka ce sanduna uku ka kawo. Biyu na gani, wanda aka yanka da wanda ke bayan ƙofa. Mun kwashe shagon kaf babu na ukun. Ka san halin surukinka, ba ya samun abu mai kyau ya ci shi kaɗai. Tsohon kafinta ya ce ya taɓa jin marigayi yana cewa zai ba wani mai sassaƙa da suka haɗu a wurin gyaran inji, amma bai san ko wane ne ba. Mai gyaran ya ce masu zuwa wurinsa da yawa, zai riƙa tambaya.

Ka zo, Yaya, ko don ka raka ni. Ƙafarka ba ta da kyau amma bakinka ya fi nawa, kuma maza sun fi sauraron namiji a waɗannan shagunan. Ka gaida mutan gidan duka.

Na zaga shago biyar. Har yanzu ban samu mutumin da ke da na ukun ba.

Ƙanwarka,
Uwar Auta