Kwalba Ɗaya daga Rijiyar Gangara

Brest, Faransa, 2 ga Janairu 1985

Zuwa ga Yayata Suwaiba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da 'yan lakol ɗinki da kike koyarwa. Bayan haka, na dawo daga teku. Yaya, na ga abin mamaki. Mu uku muka sauka a wani ɗan jirgin nutso, zurfin mita dubu biyu da ɗari shida, inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba. A can akwai jerin duwatsu inda ƙasa ke tsagewa. Ruwan teku yana silalewa cikin tsagar har ya kusanci narkakken dutse, ya yi zafin digiri ɗari uku da hamsin, amma nauyin tekun da ke kansa ya hana shi tafasa. Sai ya feso baƙi ƙirin kamar hayaƙi, ɗauke da ƙarfe da farar wuta, yana gina wa kansa dogayen suri. Da muka buɗe wanda muka ɗebo, jirgi duka ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kuma a gefen wannan gubar wasu tsutsotsi ke rayuwa, tsawon mutum, ba su da baki. Aikina shi ne auna abin da ke cikin ruwan.

Ƙanenki,
Surajo

Gangara, 27 ga Janairu

Surajo,

Ina gaishe ka don Inna ta ce in gaishe ka. Na karanta labarin tsutsotsinka sau biyu ina neman layin da ka tambayi ko mun girbe wani abu bana. Babu shi. To, ba mu girbe ba. Tsohuwar rijiyar bakin kasuwa ta ƙafe. Mata suna tafiyar kilomita goma sha ɗaya zuwa rijiyar Tala, su dawo da tulu ɗaya. 'Yan lakol ɗina daga sittin sun koma goma sha tara, sauran an tafi da su Katsina.

Mutanen gari sun haƙa sabuwar rijiya, gaba talatin da biyar. Ruwa ya fito, kuma ga abin da zai faranta maka rai: warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi. Ashe ba sai mutum ya nutse a ƙarshen duniya ba. Barmo mai haƙa ya suma a ƙasa, da igiya aka jawo shi kamar guga.

Ni na sa baki. Na ce wa mai gari a rufe ta da ƙaya, ina da ƙane masanin ruwa. Buba, makiyayin da ke kawo wa Inna nono tun kana goye, yana zaune bakin ƙayar da shanu tara da suka rage masa. Kullum in zan wuce sai ya ce, "Malama, takardar ta zo?"

Ka faɗa mini magana ɗaya: a sha, ko kada a sha?

Yayarka,
Suwaiba

Brest, 15 ga Fabrairu

Yaya Suwaiba,

Barka da haƙuri. Kunya ta kama ni, ki yafe mini. Warin nan iska ce irin wadda muke samu can ƙasa, kuma tana kisa a wuri rufaffe. Kada kowa ya sake sauka cikin rijiyar. In aka bar ruwan a buɗe, warin zai tafi. Amma ba shi nake tsoro ba. Ruwan da ya daɗe cikin dutse yana iya ɗauko abin da ba shi da wari ko launi, wanda sai bayan shekaru yake lanƙwasa ƙashin yara. Wannan sai na auna. Ki cika kwalba har baki, kada a tace, kada a tafasa, ki toshe da kyau. Abokina Ɗahiru zai taso daga Yamai tsakiyar Maris, a kai masa.

Ki gaida Inna.
Surajo

Gangara, 6 ga Maris

Surajo,

Gaisuwa. Kwalba ta tafi. Ni na ja gugar da hannuna, na sa ta cikin ƙunshin kuka da daddawar da Inna ta haɗa maka. Na tafi Agiye karɓo hatsin taimako na lakol, Inna ce ta ba mai motar Yamai.

Shanun Buba saura biyar. Ya daina tambayata, kallona kawai yake yi, kuma na fi son tambayar. Jiya Nana matar Barmo ta sauke tulunta a gabana ta ce, "Malama, ƙanen naki shi zai zo ya ɗaukar mana, ko sai ya gama da kifaye?" Aka yi dariya. Na wuce lakol.

Ka yi sauri.
Suwaiba

Brest, 29 ga Maris

Yayata,

Albishirinki! Na auna sau uku. Ruwa ne mai kyau, babu abin tsoro a ciki. Warin ma ya tafi a hanya. Ku cire ƙaya, ku sha. Jibi zan koma teku, wata uku, kuma wasiƙa ba ta iske mu a can. Alhamdu lillahi.

Naki,
Surajo

Gangara, 20 ga Afrilu

Surajo,

Sallama. Takardarka ta zo ranar kasuwa. Na hau kan turmi na karanta wa jama'a. Aka janye ƙaya, mata suka yi guɗa, shanu uku na Buba suka sha har suka kwanta. Nana ta riƙe hannuna ta nemi gafara.

Da la'asar na karanta wa Inna. Ta yi murmushi ta ce, "Ai na san zai yaba. Ni in aika wa ɗana ruwa mai wari a ƙasar mutane, su ce abin da muke sha ke nan? Zubarwa na yi, na wanke kwalbar da toka, na cika masa daga randata."

Ruwan rijiyar Tala ka auna sau uku.

Na ɗaga wa Inna murya, abin da ban taɓa yi ba. Sannan na je na faɗa wa mai gari gaskiya. Ya nuna mini layin tuluna har bakin masallaci ya ce, "Ga ƙayar can, Malama. Mayar da ita da hannunki." Na tsaya ina kallonta. Ban mayar ba.

Na cika wata kwalbar, ni zan kai ta mota da kaina. Za ta jira ka a kan teburinka har ka dawo daga teku. Kafin nan yara goma sha tara suna sha kullum, kuma ni nake zuba musu.

Inna tana gaishe ka. Tana tambaya ko ka sha ragowar.

Suwaiba