Na Saka Darasin Mama Emilia a Waya Ba Ta Sani Ba

Anti Joanna, don Allah ki taimake ni kafin Asabar ta zo.

Ni mai kitso ce a Kafanchan, a aji uku na sakandare na tsaya. Akwai wata Mama Emilia, tsohuwar hedimasta daga Fadan Kaje, bara ta dawo unguwarmu. Duk Asabar ni nake mata kitso. Anti, in matar nan tana Turanci sai ki ji kamar kar ta daina. Wata rana ta ga saƙon da na tura wa kwastoma, "You must come by ten", ta yi dariya ta ce ko ni soja ce. Ta ce must na dole ne, in roƙo nake yi sai in ce "Could you come by ten?" Daga ranar makaranta ta buɗe. Ina kitso tana koya min: may na neman izini, should na shawara, might in ba ki da tabbas. Ba ta taɓa sa na ji kunya ba. Har kwastomomi sun ce na yi hankali.

To ni kuma da waya, ba ma rabuwa. Duk abin da ta koya min sai in yi bidiyo in saka a TikTok, ban taɓa gaya mata ba. Kuma misalanta nake maimaitawa daidai, don tsoron kar in canza in yi kuskure. "Boaz should call his mother." "Boaz might come home for Christmas." Na ɗauka Boaz suna ne kawai na cikin littafi. Ashe autanta ne da ke Abuja, shekara uku bai zo gida ba. 'Yan garinsu sun gane, suna ta zolayarsa a ƙarƙashin bidiyon. Jiya ya turo min saƙo, wai wa ya ba ni izinin kai maganar gidansu kasuwa.

Na goge bidiyon. In na faɗa mata, ina tsoron ta daina zuwa. In yi shiru?

Mai kitso, Kafanchan

Amsa

'Yata, kin yi dace da malama, kuma yadda kike yabonta ya nuna kin san darajarta. Ba mugunta kika yi ba, so kika yi wasu ma su ƙaru. Amma Boaz yana da gaskiyarsa: an yi masa dariya a bainar jama'a kan abin da ke tsakaninsa da mahaifiyarsa. Ki ba shi haƙuri a taƙaice, kada ki yi masa wa'azi.

Shiru ba naki ba ne. Kada ki jira Asabar, kada kuma ki yi maganar a shago. Ki je gidanta gobe, ki faɗa mata komai kafin ta ji daga bakin ɗanta. Tana iya fushi. Ki ba ta lokaci.

Ki kuma lura: misalan nan ba na littafi ba ne. Kewar ɗanta take gaya miki, hannunki a kanta. Don haka ki riƙa leƙa ta ko ba ranar kitso ba.

Bidiyo kuwa, in za ki ci gaba, ki yi misalai da kanki, ki ambaci wadda ta koya miki in ta yarda. Ta riga ta koya miki kalmar neman izini. A wurinta za ki fara amfani da ita.

Ubangiji ya ba ki ƙarfin zuciya, ya kawo mata ɗanta gida.

Anti Joanna