Kwanon Naman Kaza

Zuwa ga Goggona,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya ƙara miki tsawon rai, ya ɗauke miki ciwon bayan nan da Yaya Babba ta ce ya sake tasowa. Mu nan lafiya lau muke. Maigidan yana ta fama da aikinsa, jikarki kuma ta fara tafiya, ba abin da ya tsira daga hannunta sai wanda aka rataye.

Goggo, ƙara na kawo, kuma ke ce wadda nake ƙara, domin tarbiyyarki ce ta jefa ni cikin wannan hali. Akwai wata tsohuwa a benen da ke samanmu, muna ce mata Mai Kwando. Tun da muka zo ƙasar nan, ita kaɗai ce a duk ginin take tsayawa ta amsa gaisuwata, sauran sai su ɗaga gira su wuce. Ba na jin harshenta sosai, amma da hannu da murmushi muna fahimtar juna. To da ruwa ya sauka, wata rana ina hanyar dawowa daga kasuwa Maigidan ya kira ni, ya ce tsohuwar ta aiko mana da naman kaza. Har na fara tunanin wa ya yanka. Ina buɗe kwano sai na ga laimar kwaɗi, irin wadda kike dukan hannunmu idan mun taɓa a gindin bishiya! Ashe wai lokacinta ne, shekara guda suke jiranta, tsohuwar kuma da kanta take shiga daji ta tsinto.

Na daure na ɗanɗana. Wallahi Goggo kamar ina tauna soso, ga warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Shi kuwa Maigidan sai zuba santi yake yi, har yana ce mini in buɗe zuciyata. Na ce masa zuciyata a buɗe take, maƙogwarona ne ya ƙi. Da na wanke kwanon zan mayar, sai na ji muryarki a kunnena, cewa 'yar mutunci ba ta mayar da kwanon maƙwabta fayau. Na zuba mata miyar da na yi, da yajin nan naki da nake tattali kamar magani, na hau na kai. Ta karɓa tana ta godiya.

Washegari sai ga ƙwanƙwasa. Kwanon ne ya dawo, a cike har baki. Na cika na mayar, ya sake dawowa. Haka kwanon nan ya dinga hawa da sauka, firjina ya cika da abin da ba na ci, robar yajina tana ta yin ƙasa. Na soya, na dafa, na ɓoye shi cikin miya, duk a banza, daga nesa nake gane shi. Zubarwa kuma ba zan iya ba, abinci ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da zarar na buɗe ƙofa na ga fuskarta sai in washe baki in ce ya yi daɗi, wadda ita ce kalmar da na fi iyawa a harshensu.

Ana haka ɗanta ya tare Maigidan a matakala, cikin ladabi ya roƙe shi ya yi mini magana. Ya ce a wajensu idan an kawo maka abu, kwano a wanke kawai ake mayarwa, magana ta ƙare. Da nake mayarwa a cike, uwarsa ta ɗauka ƙari nake nema, har ta yanke cewa juna biyu gare ni, kwaɗayi ne ya kama ni. Shi ya sa take sammakon daji da gwiwarta mai ciwo, har ta zame ta gurɗe. Miyar tawa kuwa, ya ce tana zama da tulun ruwa a gefe, tana ci tana hawaye, don kada ta wulaƙanta ni. Goggo, na rasa inda zan sa kaina don kunya da takaici. Mata biyu da hankalinsu suna azabtar da juna saboda kara.

Na ɗauki kwanon fayau na hau da shi, ina ji kamar na fita ba mayafi. Na miƙa wa ɗan na sauko. Tun daga ranar ƙwanƙwasa ta ɗauke. Abin da na yi ta fata ke nan, amma da ya samu sai gidan ya yi mini faɗi. In ji motsi a matakala in kasa kunne, a wuce. Sai a lokacin na gane ba laimar kwaɗi take kawo mini ba, ita kaɗai ce mai neman ƙofata a ƙasar nan.

Da abin ya ishe ni, na dafa shinkafa da madara, ko ƙwayar barkono babu, na zuba a kwanona na kai mata. Na sa Maigidan ya faɗa mata cewa wannan dubiya ce, kada ta sa komai a ciki. Jiya da hantsi ta sauko tana ɗingishi, kwano a wanke, ta zauna muka sha shayi, jikarki tana wasa da sandarta. Da za ta tashi ta riƙe hannuna, tana haɗawa da nuni don in gane, ta ce lokacin abin ya wuce, amma kada in damu, tunda ina sonsa haka, baɗi da kanta za ta kai ni dajin ta nuna mini inda yake fitowa. Ni kuwa bakin nan nawa ya ce mata na gode.

Don haka Goggo ki sa ni a addu'a, kuma idan an sami mai zuwa ki aiko mini da yaji mai yawa, da shi kaɗai nake iya haɗiye abin. Ki gaishe mini da Kawu, da Yaya Babba da yaranta, da Inna ta ƙofar gida, da Auta. Kada ki bari Auta ta ji labarin nan, ba za ta bar ni in sha ruwa ba.

Taki har kullum,
'Yar ɗakinki mai ƙin ji.