Kwamfutar da Ta Cinye Mana Iri

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Shirin Tallafin Iri, wanda ya aiko mana da kwamfuta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya iyali, yaya fama da jama'a? Allah ya taimaki shugaba.

Sunana Habu, magatakardan dagacin wani ƙauye a mazaɓar Gwangwan, ƙaramar hukumar Rogo. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda lambar neman taimako da kuka manna a jikin kwamfutar sai da sabis take shiga, ni kuwa kukan rashin sabis ɗin nake son kawowa.

Ranka ya daɗe, da rani motarku ta sauke mana kwamfutar tebur: akwati, allo, da 'yar na'urar kama sabis. Aka ce duk manomin da sunansa bai shiga cikinta ba, to babu shi babu irin shukar bana. Muka yi godiya, har dagaci ya sa tela ya ɗinka mata riga saboda kashin kaji. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya, wuta. Turakun lantarkin garinmu awaki ake ɗaurewa a jikinsu. Wutar da muke da ita ta injin niƙan Malam Sule ce, domin bel ɗaya ke juya niƙa da dinamon da ke ba da wutar. Shi kuwa Malam Sule ya gaji doka daga ubangidansa: ba a tayar da inji babu hatsi a ciki, farantan niƙan za su cinye juna. Dagaci da kansa ya roƙe shi, ya ce ko da za a tuɓe masa hula ba zai karya ta ba. Dole muka kwashi kwamfuta zuwa shagon niƙa, inda nake danne-danne gari na zuba mini a gemu.

Na biyu, sabis. Ba ya leƙo garinmu sai bayan la'asar, shi ma sai an ɗaure na'urar a kan gora, Ardo Bello ya ɗaga ta sama. Shi ne mafi tsawo a yankin, dattijo mai garken shanu, yanzu mun mai da shi turke. In ya yi atishawa, sabis ya tafi. Mata kuwa kafin azahar sun gama niƙansu. Ka ga ke nan da safe akwai wuta babu sabis, da yamma akwai sabis babu wuta.

Na uku, injiniyan da kuka turo daga Karaye. Ya iso a kan acaɓa, ya zagaya kwamfutar, ya tambaya ko mun jona waya. Na nuna masa. Ya tambaya ko koriyar fitilar nan na haske, na ce in ana niƙa. Sai ya ba da shawarar a kashe a kunna. Na ce masa wajen kashewa ba ta neman taimakon kowa, kunnawar ce sai da hatsi. Ya ci tuwo, ya yaba miya, ya ce zai kai rahoto. Ban ga laifinsa ba, amma raina ya ɓaci.

Na huɗu, dabarar da muka yi. Dagaci ya sa aka yi shela cewa duk mai son rajista ya zo bayan la'asar da niƙansa. Nan muka zama masana. Masara tana sa inji ya shaƙe, allo ya yi ƙifta-ƙifta ya mutu. Gero yakan wuce da sauri tun kafin kwamfutar ta gama miƙa. Gyaɗa kam kada ma a soma. Dawa ce abincinta, ita ke riƙe ta daram. Rajistar mutum ɗaya takan ci kwano biyar, in ɗan zoben nan mai juyawa a allo bai yi gardama ba. In hatsi ya yanke a tsakiya, sai a koma farko. Na ga magidanci ya sheƙa gida da gudu ya dawo da tukunyar tsakin kaji. Yau babu gidan da ba a cika tulu da kwalla da gari ba, har ya soma tsutsa.

Na biyar, nawa. Da yake ni ke riƙe da aikin, kunya ta sa na bar sunana ƙarshe. Ranar da za ku rufe rajista, dawar cina ta riga ta ƙare wajen cika wa masu ƙaramin ƙarfi. Abin da ya rage mini damin dawa kaura ne a rataye a rumbu, irin da mahaifina ya bar mini, shi ma daga nasa uban ya karɓa. Kowace shekara mukan zaɓi manyan zangarniya mu ajiye, ko a shekarar yunwa ba a taɓa su ba. Maiɗakina ta tsaya a bakin rumbu, ta ce, "Malam, iri za ka niƙa don a ba ka iri?" Na ce mata na gwamnati ya fi. Na sussuke, na kai wa Malam Sule. Ardo ya ɗaga gora, zobe ya yi ta juyi, ina kallon kaurar babana tana gangarawa. Da ƙwayar ƙarshe ta faɗa, allo ya rubuta an karɓa, inji ya mutu.

Ranka ya daɗe, ruwan shuka ya sauka. Maƙwabtanmu na Rogo Ruma sun shuka abin da suka ajiye, har ya tsiro. Irinku bai iso ba. Garin neman gira na rasa ido. Jiya aka tuƙa tuwo da garin kaurar nan, yara suna ta santi.

Saboda haka ina roƙo. A aiko mana da iri tun ƙasa na da laima. A haɗo kwamfutar da farantin sola, ko a zo a ɗauke ta da rigarta. A kuma aiko wa Ardo Bello man zafi, har yau ba ya iya sauke hannunsa sosai. In duk wannan ba zai yiwu ba, a tambayar mana injiniya ko gari yana tsirowa, domin shi kaɗai gare ni, gonata kuma na share ta.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya, ya ba shi wuta da sabis a lokaci guda, ya tsare masa abin da ya gada.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Habu Magatakarda,
daga shagon niƙa, mazaɓar Gwangwan.