Tabon Girata

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ina yaran?

Ni da kekena lafiya lau. Na tsaya neman bizar ƙasar da ke gabana. Jami'ar ta dubi hoton fasfona, ta dube ni, ta ce, "Wannan mai kumatun ba kai ba ne." Hanya ce ta ɗan rage ni, ba komai. Har ta turo min takarduna, sai ta hango tabon da ke kan girata, irin na hoton. Ta karɓa.

Tabon ranar da kake koya min keke ne, ka sake ni na ci ƙasa. Yau na yafe maka.

Kada Inna ta ji zancen kumatun. Ka ce mata ina cin abinci.

Ƙaninka,
Auta